Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Martani Ga Masu Cewa Talaka Ba Ya Da Laifi

A zaman karatun da muka yi kwanakin baya, wani ƙanenmu mai hannu a rubutu ya karanta mana babi biyu na littafin da yake rubutawa a kan wani azzalumin shugaba. Ya zana mana shi da jajayen idanu da murya kamar aradu, ga dakarunsa masu baƙin tabarau suna bi gida-gida cikin dare suna kwasar mutane. Mutanen gari kuwa duk salihai ne, ba su da aiki sai kuka da addu'a. Da aka zo sharhi sai na ce labarin bai cika ba, domin kuwa ban ga wanda ya nuna wa dakarun ƙofar gidan da za su shiga ba. Nan take wani dattijo daga cikinmu, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya tari numfashina, ya ce talaka ba ya da laifi a mulkin zalunci, wuya ce take sa shi yin abin da ya yi. Har ya kawo misalin Jamus, ya ce mahaukaci ɗaya ne da 'yan sandan cikinsa suka danne al'umma guda har shekara 12, wanda ko tari mutum ya yi a ɗakinsa sai sun ji. Jama'a suka yi na'am da wannan magana, lokacin salla ya yi, aka tashi.

Malam, a gafarce ni, amma ban yarda ba, kuma tun da a bainar jama'a aka yi maganar, a bainar jama'a zan mayar da martani. Misalin da ka kawo shi ne ya fi kowane rushe maganarka. Hujjata kuwa wani littafi ne na wani masanin tarihi haifaffen Kanada mai suna Robert Gellately, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga a 1990 da sunan The Gestapo and German Society, wato Gestapo da al'ummar Jamus. Gestapo ita ce hukumar 'yan sandan ciki ta gwamnatin 'yan Nazi, wadda ta yi aiki daga 1933, shekarar da Hitila ya hau mulki, har zuwa faɗuwar gwamnatin a 1945.

Da yaƙi ya zo ƙarshe, jami'an Gestapo sun ƙone yawancin takardunsu don kada a kama su da su. A 'yan wurare ƙalilan ne takardun suka tsira, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne Würzburg, wani gari a bakin kogin Main, hedkwatar lardin Frankoniya ta Ƙasa a arewacin jihar Bavariya. Fayil kusan 19,000 ne suka rage a can. Gellately ya zauna ya bi su, yana yi wa kowane fayil tambaya ɗaya mai sauƙi: yaya aka yi maganar nan ta fara? Wa ya fara kawo ta ofis?

Abin da ya fara cin karo da shi shi ne ƙarancin ma'aikata. A 1937 jami'an Gestapo da ke kula da wannan lardi gaba ɗaya ba su kai mutum 30 ba, alhali mutanen lardin sun haura 800,000. A cikin 'yan kaɗan ɗin nan ma, da yawa aikinsu na tebur ne, cike fom da jera kati da amsa wasiƙun Balin. To, Malam, don Allah a yi lissafi. Mutum 30 ko aljanu ne ba za su iya sauraron tarin mutum 800,000 ba. Idan an ji tarin, to wani ne na kusa ya ji ya kai.

Haka kuwa takardun suka nuna. Gellately ya ware fayil 175 na mutanen da aka tuhuma da ɗayan laifi biyu: yin soyayya ko tarayya da Bayahude ko Bayahudiya, wanda dokokin Nuremberg na watan Satumba 1935 suka haramta, ko kuma nuna wa Yahudawa zumunci kawai. Kimanin kashi 57 cikin 100 na waɗannan shari'o'i daga bakin jama'ar gari suka taso. Waɗanda Gestapo ta bankaɗo da idonta da 'yan leƙen asirinta ba su taka kara sun karya ba. Wani manazarcin kuma, Reinhard Mann, ya yi irin wannan aiki a kan takardun birnin Düsseldorf, aka buga shi a 1987. Shi ya ɗauki fayil 825 na laifuffuka iri-iri, ya tarar kashi 26 daga rahoton jama'a suka faro, kashi 15 ne kawai daga binciken hukumar da kanta. Da ya duba dalilan masu kai rahoton, sai ya ga waɗanda suka yi don biyan wata buƙata ta kansu sun fi waɗanda suka yi don kishin gwamnati yawa.

Wannan shi ne wurin da nake so marubuta su tsaya su duba da kyau. Mai kanti yana son abokin gasarsa ya rufe shago. Mai haya yana son ɗakin da ya fi nasa haske. Miji ya gaji da mata, ko mata ta gaji da miji, ga kuwa hanyar rabuwa da ba ta buƙatar lauya. Ma'aikaci yana hangen kujerar na gaba da shi. Wasu kuwa ba su nemi komai ba, haushin mutum kawai suke ji don ba ya shiga cikinsu. Gwamnati ta tanadar musu dokokin da suka dace da wannan ciwo. Akwai dokar watan Disamba 1934 da ta mai da zagin gwamnati ko jam'iyya laifi, ko da a cikin raha aka yi shi. Akwai ta watan Satumba 1939 da ta hana sauraron gidajen rediyon ƙasashen waje. Ku lura da irin waɗannan laifuffuka. Ba a aikata su a bakin titi inda ɗan sanda zai gani. A teburin cin abinci ake yin su, da cikin ɗakin kwana, da wurin aiki, inda babu kunnen da zai ji sai na ɗan'uwa ko aboki ko maƙwabci. Dokar da aka yi don bangon ɗaki ba ta da haƙori sai in na bayan bangon ya ara mata nasa. Abin ya yi yawa tun a farkon mulkin, har Hitila da kansa ya koka wa ministansa na shari'a a 1933 a kan yadda sara da ƙeta suka mamaye ƙasar, ofisoshi kuma suka riƙa jan kunnen masu kawo rahoton ƙarya saboda suna ɓata musu lokaci.

Bari in ba da labarin fayil ɗaya, domin lissafi ba ya shiga zuciya kamar mutum. Ilse Totzke budurwa ce haifaffiyar 1913, ta zo Würzburg a farkon shekarun 1930 don koyon kiɗa. Ba 'yar siyasa ba ce, ba Bayahudiya ba ce. Mace ce mai kaɗaici, mai shiga irin tata, tana da ƙawaye Yahudawa kuma ta ƙi rabuwa da su. Fayil ɗinta cike yake da rahotannin mutanen da suka san ta, shekara bayan shekara. Wannan ya ce ba ta amsa gaisuwar jam'iyya. Waccan ta ce tana ganin wata mace mai kama da Bayahudiya tana zuwa wurinta. Wani ya ce tana fita da dare, ƙila 'yar leƙen asiri ce. Babu wanda ya ga ta yi wa kowa illa. Gestapo ta bincika gidanta, ta riƙa duba wasiƙunta, ta kira ta ta yi mata kashedi. A watan Fabrairu 1943 ta yi ƙoƙarin tsallakar da wata Bayahudiya zuwa Suwizalan, masu tsaron iyakar Suwizalan suka mayar da su hannun Jamusawa. Da ake yi mata tambayoyi ba ta ɓoye ba, ta ce ba ta yarda da dokokin Nuremberg ba. Aka tura ta sansanin mata na Ravensbrück. An daɗe ana zaton a can ta mutu, sai daga baya masu bincike suka gano ta rayu, ta rasu a 1987 a yankin Alsace na Faransa. A 1995 cibiyar Yad Vashem ta sa sunanta cikin waɗanda suka sadaukar da ransu don ceton Yahudawa.

Akwai ƙarashen labarin da ya fi damuna. A wani shirin talabijin da BBC ta nuna a 1997, masu shirin sun nemo ɗaya daga cikin maƙwabtan da suka kai rahotonta a 1940, tana 'yar shekara 20 a lokacin, yanzu ta zama tsohuwa. Suka nuna mata takardar. Ta amsa cewa adireshinta ne, sa hannun ma nata ne, amma ta ce ba ta san yadda aka yi takardar ta samu ba, kuma ita dai ba ta kashe kowa ba. Malam, ka ga talakan da kake karewa. Tsohuwa ce mai fara'a, irin wadda za ka gaisar a layi ka tambaye ta jikoki. Ba ta da jajayen idanu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za a ce tsoro fa? Tsoro gaskiya ne, kuma masana tarihi da kansu sun ja da Gellately a kan wannan. Richard Evans na Ingila ya tunatar da cewa 'yan Nazi ba su taɓa cin rinjaye a zaɓe na gaskiya ba. A zaɓen Nuwamba 1932 jam'iyyun ma'aikata biyu, SPD da ta 'yan Kwaminis, sun haɗa ƙuri'a fiye da miliyan 13, 'yan Nazi kuwa ba su kai miliyan 12 ba. Ko a zaɓen Maris 1933, da aka yi cikin duka da kame, kashi 43.9 suka samu. A wannan watan aka buɗe sansanin Dachau, kuma kafin shekarar ta ƙare an tsare mutum fiye da 100,000, yawancinsu 'yan adawa da shugabannin ƙwadago. Wanda ya ga an fasa wa maƙwabcinsa kai ba ya buƙatar a sake yi masa bayani. Ban da Gestapo kuma akwai wakilan jam'iyya na unguwa-unguwa, da kotuna na musamman, da shugaban wurin aiki mai iya korar mutum ran da ya ga dama. Shi ma Eric Johnson na Amurka, wanda ya yi nazarin takardun Krefeld da Cologne a littafinsa na 1999, ya nuna cewa jami'an Gestapo ba zaman jiran rahoto kawai suke yi ba. Su suke zaɓen wanda za su murƙushe, Yahudawa da 'yan Kwaminis da Shaidun Jehobah, yayin da Bajamushe na gama-gari da aka kawo ƙararsa sau da yawa kashedi kawai ake yi masa a sallame shi. Ya kuma nuna cewa masu kai rahoton 'yan tsiraru ne a cikin al'umma.

Duk na karɓa. Amma a duba abin da wannan gyara ya taɓa da abin da ya bari. Tsoro yana iya bayyana mana dalilin da ya sa mutum ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga hannu ya yi gaisuwar da ba ta kai zuciyarsa ba. Wannan ba ni da bakin zarginsa, domin ban san abin da zan yi ba in da ni ne. Tsoro bai bayyana dalilin da ya sa mutum ya nemo takarda da alƙalami, ya zauna, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta sunan maƙwabciyarsa da lambar gidanta, ya sa hannu, ya taka da ƙafarsa ya kai ba. Babu wata doka da ta tilasta wa kowa kai ƙarar wanda ya yi barkwanci ko ya gaisa da Bayahude. Wanda ya ji ya yi kamar bai ji ba, ba abin da zai same shi. Cewa kuma masu saran 'yan tsiraru ne, ai wannan ne abin tsoron. Ba a buƙatar kowa ya zama algungumi. Mutum ɗaya a layi ya isa ya sa layin duka ya kama bakinsa, matuƙar ba a san ko wane ne ba, matuƙar kuma sauran ba za su juya masa baya ba in sun sani.

Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Rabin maganar ne gaskiya. Hitila mugun sarki ne na ƙin ƙarawa, kuma ina faɗar haka da babbar murya saboda 'yan samarin da nake ji wani lokaci suna kiransa namijin duniya. A ƙarƙashinsa aka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, da dubban ɗaruruwan 'yan ƙabilar Roma, da naƙasassu da masu taɓin hankali na Jamus ɗin kanta. A 1937 gwamnatinsa ta sa likitoci suka kashe wa ɗaruruwan yara ƙwayar haihuwa a yankin Rhine, ba don komai ba sai don iyayensu maza sojojin mulkin mallakar Faransa ne, ciki har da 'yan Afirka. A 1940 sojojinsa sun ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da suka kama a Faransa suka harbe su da yawa bayan sun miƙa wuya. Mai baƙar fata da ke yabon wannan mutum bai san inda aka ajiye shi a lissafinsa ba. Ɗaya rabin maganar kuma shi ne, mugun sarki da mugayen fadawansa ba su isa su shiga kowane ɗaki ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga abin da gari ya gani da idonsa. A ranar 25 ga Afrilu 1942, da rana tsaka, aka jero Yahudawa 852 a titunan Würzburg, ɗauke da 'yan ƙullin kayansu, aka taka da su zuwa tashar jirgin ƙasa ta ɗaukar kaya, aka nufi gabashin Polan da su. Gestapo da kanta ta sa aka ɗauki hotuna, kuma hotunan suna nan. Daga 1941 zuwa 1944 an kwashe Yahudawan wannan lardi fiye da 2,000, waɗanda suka rayu kimanin 60 ne. Kayan da suka bari kuwa gwanjonsu aka riƙa yi, mutanen gari suna tayawa. Wanda ya sayi kujera a irin wannan gwanjo ya san mai ita ba zai dawo ya tambaya ba, shi ya sa ma ya saya hankali kwance.

To, ina mu marubuta a cikin wannan labari? Muna tsakiyarsa, kuma wannan ne ya sa na kawo maganar shafin nan maimakon in bar ta a zaure. Mun saba ba wa kanmu labarin cewa marubuci shi ne muryar wanda aka zalunta. Tarihin 1933 bai goyi bayan wannan yabon kai ba. A watan Fabrairu na shekarar aka tilasta wa Heinrich Mann sauka daga shugabancin sashen adabi na Cibiyar Fasaha ta Prussia, wadda ita ce majalisar manyan marubutan ƙasar. A watan Maris, mawaƙi Gottfried Benn, ɗan majalisar, ya tsara takardar biyayya ga sabuwar gwamnati, aka aika wa kowane mamba ya amsa da i ko a'a. Yawancinsu suka ce i. Waɗanda suke Yahudawa ne ko masu ra'ayin da ba a so aka kore su, abokan aikinsu suna zaune. Jerin littattafan da za a fitar daga ɗakunan karatu wani ma'aikacin laburare ne ɗan shekara 29, Wolfgang Herrmann, ya tsara shi. Ƙona littattafan da aka yi ranar 10 ga Mayu a dandalin Opera na Balin, inda aka cinna wa littafi kimanin 20,000 wuta, da sauran garuruwan jami'a, ƙungiyar ɗalibai ce ta shirya shi, malamansu da dama suna tsaye, wasu har da jawabi. Bayan 'yan kwanaki ƙungiyar masu buga littattafai da sayar da su ta fitar da sunayen marubuta 12 ta ce sun zubar wa Jamus mutunci. A watan Oktoba marubuta 88 suka sa hannu a takardar mubaya'a ga Hitila, aka buga a jaridu. Kafin shekarar ta ƙare an kafa hukumar adabi ta ƙasa a ƙarƙashin Goebbels, wadda duk wanda ba ya cikinta ba shi da izinin cin abinci da alƙalami, kuma marubuta ne suka shugabance ta, Hans Friedrich Blunck, daga baya Hanns Johst.

A duba wannan jeri a faɗa mini sau nawa aka ga ɗan sanda a ciki. Mawaƙi ne, da ma'aikacin laburare, da ɗalibi, da farfesa, da mai kantin littattafai. Kowane marubucin da aka kora ya bar gurbi a jarida, da gurbi a kanti, da kujera a majalisa, kuma akwai mai matsakaicin hannu da ya daɗe yana jiran gurbin. Ciwon da ya sa mai kanti ya sari abokin gasarsa shi ne dai ya kama masu alƙalami, sai dai su sun iya sa masa riga mai kyau. Benn ɗin ma bai tsira ba, domin a 1938 hukumar adabin ta kore shi ta hana shi bugawa.

Akwai waɗanda suka ƙi, kuma su ne hujjar cewa ƙin yana yiwuwa. Ricarda Huch, tsohuwa 'yar shekara 68, ta rubuta wa majalisar a watan Afrilu 1933 ta ajiye kujerarta, ta kuma faɗi dalilinta ƙarara, har da abin da ake yi wa Yahudawa. Ta ci gaba da zama a Jamus har bayan yaƙi. Oskar Maria Graf, da ya ga ba a ƙona yawancin littattafansa ba, har ma an sa su cikin waɗanda ake yabawa, sai ya rubuta a wata jaridar Vienna yana neman a ƙona su, don bai ga laifin da ya yi da za a yi masa wannan cin fuska ba. Wasu sun biya da ransu, kamar Erich Mühsam da aka kashe a sansanin Oranienburg a 1934. Wani kuma danginsa ne suka biya. Erich Maria Remarque, wanda littafinsa a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin waɗanda aka ƙona, ya tsere waje. Ƙanwarsa Elfriede Scholz tela ce a Dresden. Ta faɗa a gaban wata mai kawo mata ɗinki cewa an riga an ci Jamus da yaƙi, aka kai rahotonta, aka fille mata kai a Balin a watan Disamba 1943.

Saboda haka ina da magana biyu, ɗaya ga ƙanena mai littafi, ɗaya ga ƙungiya.

Ƙanena, azzaluminka mai jajayen idanu ba zai tsorata kowa ba, kuma ba zai koya wa kowa komai ba, domin duk mai karatu zai rufe littafin yana godiya ga Allah da bai yi shi haka ba. Ka ba shi hutu ne. Koma ka rubuta mana matar da ke leƙe ta katanga. Ka ba ta suna mai daɗi, da 'ya'ya, da ciwon baya, da bashin da ke hana ta barci. Ka nuna mana ranar da maƙwabciyarta ta wuce ba ta gaishe ta ba, da yadda abin ya kwana a ranta wata shida. Ka kai mu daren da ta zauna rubuta takardar, yadda ta yaga ta farko don rubutun bai yi kyau ba, yadda ta gaya wa kanta cewa ita dai gaskiya ta faɗa, hukuma ce za ta yi bincike. Ka nuna mana safiyar da aka zo kamun, tana shara a ƙofar gida, da abin da ta dafa a ranar. In mai karatu ya kai ƙarshen babin ya ji ya san matar nan, ko ya ji wani abu nata a jikinsa, to ka yi aikin da masanin tarihi ya yi da fayil 19,000, kuma ka kai shi inda littafin Oxford ba zai taɓa shiga ba. Wannan ya fi wuyar rubutawa nesa ba kusa ba, shi ya sa muke gudunsa.

Ga ƙungiya kuma, ban ce muna Jamus ta 1933 ba, kuma duk wanda ya kwatanta ƙananan rigingimunmu da kisan miliyoyin mutane ya raina matattu. Abin da nake cewa shi ne takardar sara ita ma rubutu ce, kuma mu ne muka fi kowa iya rubutu. Duk inda aka kafa ofishin da ke karɓar ƙorafi a kan littafi ko marubuci, a kowace ƙasa kuma a kowane zamani, jarabar da ke zuwa wa ɗan'uwansa marubuci ita ce ya ga hanya ta samu ta rage cunkoso a kasuwa. Idan littafin ɗan'uwanka ya ɓata maka rai, ga shafin nan, ka yi masa kaca-kaca da sunanka a ƙasa, shi ma ya samu filin ramawa, kamar yadda nake yi da Malam yanzu kuma nake jiran nasa martanin. Wannan shi ne sharhi, kuma adabi ba ya girma sai da shi. Amma ka ɗauki littafin ka ja layi a ƙarƙashin wasu jimloli, ka kai wa mai iko a asirce don ya yi maka abin da alƙalaminka ya kasa, wannan sunansa annamimanci ko da wace irin riga aka sa masa, ta tarbiyya ce ko ta kishin al'ada. Ina ba da shawara mu ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida tsakaninmu tun ana zaman lafiya, domin majalisar marubutan Prussia ba ta sami lokacin tsara tata ba, cikin 'yan makonni aka gama da ita.

Malam, na san da kyakkyawar niyya ka yi maganarka, tausayin talaka ne ya sa. Amma wanda ya ce talaka ba ya iya laifi ya ce ke nan ba ya iya zaɓi, kuma in haka ne Ilse Totzke ba ta cancanci yabo ba, tun da ita ma talaka ce a gari ɗaya da masu saranta, ƙarƙashin doka ɗaya da tsoro ɗaya. Su sun kai takarda ofis, ita ta kama hannun wata ta nufi iyaka da ita. Dukansu sunayensu na nan a fayil guda a ma'ajiyar takardun tarihi ta jihar Bavariya, kowa da abin da ya sa wa hannu. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, Ya kuma kiyaye alƙalumanmu daga cutar da maƙwabci.